Maƙwabcin da Aka Bari a Zaure

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Baban Hafsa, a nan Alƙahira. Har yanzu ina gidan da ya bar mu a Abbasiya, ina koyar da 'ya'yan ɗalibai karatu. Kuma har yanzu in labaran duniya suka zo kan ƙasashen yankinmu, sai in waiga gefen da yakan zauna, kamar zai ce in ƙaro murya.

Shi mutumin Maraɗi ne, ni 'yar Katsina. Karatun shari'a ya kawo shi Masar, ya zarce har digiri na uku. Abin da ya zaɓa ya yi bincike a kai shi ne yarjejeniyoyin da ƙungiyar ƙasashen yanki ke ƙullawa da maƙwabtanta kafin ta karɓe su. Na sha tsokanarsa cewa mutane na komawa gida daga Masar da tafsiri, shi zai koma da takardun da ko masu sa musu hannu ba su karanta ba. Sai ya yi dariya ya hau yi mini bayani, ko na tambaya ko ban tambaya ba. A cewarsa, ba a ɗauko maƙwabci a jefa shi tsakar gida rana ɗaya. Ana fara buɗe masa kasuwa, a daidaita awo da dokoki, a saba da juna, sannan a ba shi kujera da ta cewa. Wannan zaman jiran shi yake kira zaure. Ya yarda da zaure ƙwarai. Abin da ke ci masa rai shi ne maƙwabcin da za a shimfiɗa wa tabarma a can a manta da shi.

Haka yake komai nasa, ba gaggawa. Neman aurena ma da yayana ya fara abota, ya koma kan kawuna, ya saba da kowa a gidan, har mahaifiyata ta tambaya ko ni wannan bawan Allah yake so ko gidanmu baki ɗaya.

Akwai ƙungiya da ɗalibanmu Hausawa ke da ita a nan, 'yan Najeriya da 'yan Nijar a haɗe. Akwai kuma wasu Hausawan a unguwar Hada'iƙ el-Ma'adi, waɗanda kakanninsu suka fita aikin hajji a ƙafa suka yada zango a Sudan, rayuwa kuma ta turo jikokin Masar. Dattijonsu shi ne Baba Idris, mai gasa agashe, wato tsirensu na can. Hausarsa cike take da Larabcin Sudan, amma gaisuwarsa irin ta kakanninmu ce, sai ya tambayi kowa da komai kafin ya sake ka. Baba Idris ya nemi a sa mutanensa cikin ƙungiyar, ɗalibai suka ƙi. Suka ce mutanen nasa ba 'yan makaranta ba ne, kuma in aka ba su ƙuri'a za su rinjayi masu gida.

Nan Baban Hafsa ya samu inda zai gwada karatunsa. Ya ce a fara da abin da ba mai musu a kai: in an yi haihuwa a je barka, in wani ya kwanta a je dubiya. Da aka saba, ya kawo maganar jana'iza, cewa duk ɓangaren da ya yi rashi ɗayan ne zai tsaya a kan wanka da makabarta, masu rashi su zauna karɓar gaisuwa. Aka amince, aka kuma yi alkawarin in an ga yadda zaman ya tafi za a ba su ƙuri'a. Wannan alkawarin ne ya yi ta shan ɗagewa. Duk shekara sababbin shugabanni su ce a bari a duba. Baba Idris ya ci gaba da zuwa taro, ya zauna kusa da ƙofa, ya saurara, ya tafi.

Wata rana ya kawo mana agashe gida, na ji shi daga kicin yana cewa, "Ya Ustaz, ni ban taɓa ganin Kano ba, kuma ba na jin zan gan ta. Ba kujera ta dame ni ba. So nake in an ce Hausawan Masar, yarana su ɗago kai." Maigidana ya ce masa ya ƙara haƙuri, saura kaɗan. Bayan baƙon ya tafi ya daɗe zaune bai taɓa naman ba.

Ciwon ajalin maigidana gajere ne, kuma ya zo cikin dogon hutu, lokacin da ɗalibai suka watse gida, shugabannin ƙungiya ma ba sa gari. Da ya cika, na rasa inda zan sa kaina. Kai shi Maraɗi ba zai yiwu ba, ni kuma ban san kowace makabarta ba a garin nan. Ina zaune riƙe da Hafsa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Idris ne da mutanensa. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, 'yata. Ki zauna da yarinya. Wannan aikinmu ne." Su suka yi masa wanka, su suka yi zirga-zirgar takardu, suka kai shi wajen da suke binne nasu a bayan gari. Matansu suka zauna da ni har aka yi bakwai.

Yau in na ji labarin ƙasashen da ke ficewa daga ƙungiyoyin da aka sha wahala aka gina, da iyakar da aka taɓa rufewa tsakanin dangin Hafsa na uwa da na uba, nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don bai iya ba. Zai ce a sake shimfiɗa tabarma, a fara daga gaisuwa. Inda zai ji ciwo shi ne nan kusa. Yaƙi ya ƙaro mana Hausawan Sudan da yawa, gidajen Ma'adi sun cika, amma har yau ba a ba su ƙuri'ar ba. Na tambaya, aka ce an kafa kwamiti. Abin yana ɓata mini rai, kuma ba na ɓoyewa.

Bara Baba Idris ya rasu, bai taɓa ɗaga hannu a taron nan ba. Lokacin jarrabawa ne, don haka na tafi gidan gaisuwa da zaton ba zan ga kowa namu ba. Ina sauka daga jirgin ƙasa na metro na ga motocin haya cike da ɗalibai daga unguwar Madinat Nasr, wasu da littattafansu a hannu. Su suka ɗauke shi, su suka sa shi a makwancinsa, ba nisa da Baban Hafsa.

A wajen mata na tarar da wata ɗaliba 'yar Sakkwato tana wanke kofunan shayi. Ta ce mini watanninta kaɗan a Masar. Na tambaye ta ko ta san mamacin, ta ce a'a.

"To me ya kawo ki, ga jarrabawa?"

"Anti, ai tun ranar da muka sauka aka gaya mana. In 'yan'uwanmu na Ma'adi suka yi rashi, mu ne masu aiki."

Na ce wa ya kafa wannan dokar? Ta ce wallahi ba ta sani ba, haka suka tarar ana yi.

Binciken maigidana yana cikin kwali a saman durowa, ba a buga shi ba. Ƙuri'ar da ya yi wa Baba Idris alkawari ba ta samu ba, kuma ba zan ce zaure ya zama tsakar gida ba. Abin da ya rage nasa shi ne yarinyar nan da ba ta taɓa jin sunansa ba, tsugune a kicin ɗin mutanen da ba ta sani ba, tana cewa 'yan'uwanmu. Na so in gaya mata ko wane ne, amma na fasa. Sai na naɗe hannun riga na karɓi ɗauraya.

Allah ya jiƙansu su biyun, ya sa maƙwabtakarsu ta can ta fi ta nan daɗi.