Ranar da Hadari Ya Same Ni a Cikin Rijiya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ban yi zaton zai iya ɗauke ranar da na shiga yasar rijiyar gidanmu ba. Har yau in na ji ƙamshin ƙasar ruwan farko, sai gabana ya faɗi kafin in yi murna.

A wani ƙauye muke tsakanin Gaya da Ajingi. Lokacin sanyi ya fara janye jiki: da safe ka nemi bargo, da hantsi ka nemi inuwa. Mangwaro ya fara ɗaura 'ya'ya, rijiyoyi kuwa sun ja baya, sai ka jefa guga ya dawo maka da taɓo. A irin wannan tsakanin ake yasa a wajenmu, kafin zafi ya sa ƙasan rijiya ya gagari numfashi. Muka cire tsohuwar tayar motar da ke bakinta da itatuwan da suka ruɓe, da niyyar in an gama mu sake ɗaure bakin. Wato muka bar ta a buɗe, daidai da ƙasar tsakar gida.

Da safen na ga gabas ta ɗan yi nauyi, na faɗa wa Baffa, ƙanin mahaifinmu. Ya yi dariya har da buga cinya.

“Kai dai ka ce tsoro kake ji. Ina ka taɓa jin ruwa a watan biyar na manoma? Dubi gawo, ko ganye ɗaya bai zubar ba.”

Manomanmu suna lissafin wata ne daga ɗaukewar damina, kuma ba a sa ran ruwa sai a na bakwai. Ni kuma a lokacin ba abin da na tsana kamar a ce mini matsoraci. Na tuɓe riga, ƙanena ya zura ni da igiya. Da na dira, na kwance ta daga ƙuguna na ɗaura wa bokiti, don igiyar ɗaya ce, da ita ake fitar da laka. Haka kowa yake yi, ba wanda ya taɓa ganin aibun hakan.

Ina cikin aiki bayan azahar sai na ga hasken da nake gani da shi yana raguwa. Na ɗaga kai. Ɗan da'irar saman da ke bisa kaina ya koma baƙi ƙirin. Sai wata iska ta taso, na ji ƙarar kwano yana ɓamɓaruwa, awaki na kuka, mata na salati. Ƙanena ya yi ƙara sau ɗaya, sai ga bokiti ya wuce ta gefen kunnena, igiyar ta biyo shi ta zubo mini a ka gaba ɗayanta. Daga baya na ji cewa kwanon rumfa ne ya yanke shi a hannu.

Na riƙe igiyar nan ina kallonta kamar wawa. Na ƙwala kira, muryata ta dawo mini.

Sannan ruwa ya kece. Ba na sama ne ya tsorata ni ba, na tsakar gida ne. Duk ruwan da ya taru bai sami hanya ba sai bakin da muka buɗe masa da hannunmu. Ya riƙa zubowa ja wur, da kashin awaki da karmami. Na gwada taka ramukan da ke jikin bango, ƙafata ta zame, ɓangaren ƙasa ya zafto mini a kafaɗa. Ruwan da ke idon sawuna ya kai gwiwa, ya wuce. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na fara kalmar shahada, na kasa kai ta ƙarshe.

Can sai na ga zubowar ta ragu, wani abu ya tare rabin bakin rijiyar. Na ji murya tana kiran sunana, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Inna ce. Ni ne ɗanta na fari, kuma a al'adarmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari saboda kunya. Tun da na yi wayo, “kai wannan” nake a bakinta.

“Kana ji na? Ka amsa mini! Kada ka taɓa bangon nan, ka tsaya a tsakiya. Baffanka ya tafi nemo igiya.”

“Inna, ki matsa, bakin zai rufta da ke!”

“Ya rufta ɗin. Ka yi ta magana in ji ka.”

Ashe turmi ta kwantar ta tokare da tabarma, inda ya rage kuma ta kwanta da jikinta a cikin ruwan, ya riƙa dukan bayanta yana kewayewa. Ba ta ɗaga ba har Baffa ya dawo da makiyayan da ke bayan gari da igiyar shanunsu. Ruwa yana ƙirjina lokacin da suka jawo ni. Baffa ya kasa haɗa ido da ni, sai “sannu, sannu” yake yi, gemunsa na ɗigar ruwa.

Inna ta yi kwanaki tana zazzaɓi. Da ta warware na zauna kusa da ita na ce, “Inna, ashe kin san sunana?”

Ta kawar da kai ta ce, “Kai wannan, tashi ka ba ni wuri.”

Ba ta sake faɗarsa ba har ta koma ga Allah. Ranar rijiyar nan ta koya mini cewa lissafin wata namu ne, ruwa kuwa na Mai shi ne, don haka ba na barin kowa ya shiga rami da igiya ɗaya. Ta kuma koya mini in daina auna ƙaunar mutum da abin da bakinsa yake faɗa. Rana ɗaya tak na ji sunana a bakin mahaifiyata, kuma ya ishe ni har in mutu.