Zangon da Si Munsif Ya Koyar Ba Murya

Lokacin da na fara koyarwa a wata kwalejin aikin gona a bayan garin Sfax na ƙasar Tunisiya, ajina yana jikin na Si Munsif Tarabulsi, malamin ilimin ƙasar noma ("Si" kamar "Malam" ne a wurinmu). Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta bango ba na jin muryarsa sai ta ɗalibai, suna ta gardama kamar a kasuwar kifi. Ni kuwa sai in yi ta zuba bayani har yawuna ya ƙafe, in ɗaga kai in tarar rabin ajin na latsa waya.

Wata rana na tare shi wurin shan shayi. "Si Munsif, don Allah me kake ba yaran nan? Har waɗanda ba 'yan ajinka ba suna zama a kan taga."

Ya yi dariya. "Ulfa 'yata, da kin gan ni a farko, da kin tausaya musu. Rediyo suke ce mini."

Ɗan manomin zaitun ne, shi ya fara taka jami'a a danginsu. Ya dawo daga Faransa da babban digiri, ya yi shekara da shekaru yana karanta wa ɗalibai lacca suna kwafa. Ana nan sai likita ya gano ƙari a maƙogwaronsa. Aka yi masa aiki, aka hana shi magana zango guda.

"Shugaban kwaleji ya ce in huta," in ji shi. "Najiba matata kuwa ta ce ko in koma aiki ko ta koma gidansu, na ishe ta da nuni."

Sai ya shiga aji da bokiti biyu na ƙasa daga wurare biyu a gonar mahaifinsa. Ya rubuta a allo: me ya sa zaitun ke 'ya'ya a wannan, ba ya yi a waccan? Ya ja kujera ya zauna. Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta taso ta ɗanɗana ƙasar, ta ce gishiri ne. Wani ya ce ƙarya ne, ruwa ne ba ya zama. Musu ya kaure.

"Ranar na fara jin inda suke ɓata," ya ce. "Da ni kaɗai nake magana, ta ina zan sani?"

Murya ta dawo, amma bai koma laccar da ba.

Na ce, "To, in yi shiru ke nan?"

"A'a, shiru kawai lalaci ne. Neman tambayar da za ta tashe su ta fi rubuta lacca wuya. Kuma ki san sunayensu da ƙauyukansu."

Na gwada, ya zo ya zauna a bayan aji. Da aka tashi ya ce, "Tambayarki ta yi kyau. Amma kin ba kanki amsa kafin su haɗiye yawu." Sai da na yi zango biyu kafin na iya jure shirun aji.

Bara ya yi ritaya. Yanzu yana koyon kiɗan ud, molon nan namu, a wurin wani tsohon ɗalibinsa. Da na je gaishe shi, Najiba ta kawo kuskus da kifi, shi kuma yana ta fama da tsirkiya.

"Yatsuna ba sa jin magana," ya ce. "Yaron ya nuna mini sau ɗaya, wai ai da sauƙi. Ke, ba ki ji yadda kalmar nan ke da ciwo ba! Kada ki ƙara faɗa wa ɗalibi ita."