Malama Kar-a-taɓa da Madubin Hangen Wata

A makarantar da ke bayan tashar mota ba wanda ke tuna ranar da aka laƙaba mata Malama Kar-a-taɓa, amma kowa ya san dalili. Ita ke koyar da kimiyya tun kafin a dasa bishiyoyin da yanzu suke yi wa filin makarantar inuwa. Gajeruwar mace ce mai tabarau masu kauri kamar gindin kwalba, makullin kabad ɗin ajinta kuma kullum yana rataye a wuyanta da igiyar takalmi. A cikin kabad ɗin akwai maganaɗisu, da ma'aunin zafi, da ƙwallon taswirar duniya wanda har yau bai fita daga ledar da aka kawo shi ciki ba, an ma ɗaure wuyan ledar da zare. In darasi ya zo, sai ta fito da abu ta ɗaga shi sama, ta zaga da shi tsakanin bencina, yara kuwa hannuwa a baya kamar masu jiran hukunci.

"Kun gani?"

"Mun gani, Malama!"

Shi ke nan, abu ya koma ma'ajinsa.

Ba mugunta ba ce, kada a ɗauki alhakinta. A shekararta ta farko a aikin ta miƙa wa yara ma'aunin zafi guda ɗaya tilo da makarantar ta mallaka, yana zagayawa hannu zuwa hannu sai ya faɗi ya tarwatse. Har yaran ajin suka gama suka watse ba a kawo wani ba. Tun daga lokacin ta ƙudurta a ranta cewa abin da aka damƙa mata, na waɗanda ba a haifa ba ne ma, kuma ba wanda zai sake fasa musu shi. Halin ya bi ta har gida. Rimot ɗin talabijin a leda yake, kofunan baƙi kuwa sun tsufa a jere ba baƙon da ya cancanta. 'Yarta tilo, wadda ke ɗinki a wani shago kusa da makarantar, takan ce ita kaɗai ce abin da aka taɓa fitarwa daga leda a gidan, shi ma don ba yadda za a yi ne.

Wata rana shugaban makaranta ya tara malamai ya ce akwai wani shiri na kai kimiyyar sararin samaniya makarantu. Za a ba makaranta aron madubin hangen nesa, amma da sharuɗɗa a kan malamin da zai riƙe shi. Sai wanda ya daɗe yana koyar da kimiyya, sai ya je horo na mako guda a lokacin hutu, kuma sai ya riƙa fita da yara fili suna duba sama. Duk ido ya koma kan Malama. Shugaban ya yi gyaran murya kafin ya faɗi na ƙarshe, yana kallon silin:

"Sun ce yara su yi aiki da shi da hannunsu. Ƙarshen zango za a zo a duba. In ba haka aka samu ba, za a kai shi wata makarantar."

Malamin lissafi ya ƙunshe dariya har yana tari. Malama ta tsuke fuska ta ce ta ji, kuma ta karɓa.

Gaskiya ita ce ranta ya biya. Shekara da shekaru tana zana wata a allo, da'ira da 'yan ɗige-ɗige, tana cewa ramuka ne, alhali ita kanta a littafi ta gansu. A wurin horon, ranar da ta fara sa ido, sai da ta cire tabarau don suna karo da bakin madubin. Ta murɗa ɗan ƙarfen da ake daidaita gani da shi, a hankali, sai ga ramukan nan sun fito ɓaro-ɓaro, kowanne da inuwarsa. Ta daɗe a sunkuye har na bayanta ya fara ƙorafi. Mai horar da su ta ce kowane ido da daidai nasa, don haka kowa ya murɗa da kansa. Malama ta ji, ta ma rubuta, amma da ta tuna hannuwan ajinta masu maiƙo da tawada sai maganar ta bi iska.

Madubin ya iso makaranta da ƙafafunsa uku. Ta ɗinka masa riga a shagon 'yarta. A kwanakin da wata ke makara a sama har hantsi, fari fat a yamma kamar guntun alli, sai ta fita da ajin fili. Ta cire tabarau, ta daidaita, ta mai da tabarau, ta tsaya a gefe da rula a hannu. Yara su zo ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, su leƙa su wuce.

"Kun ga ramukan?"

"Mun gani, Malama!"

Suka koma aji suka zana su tsaf, daidai da na allo. Ita kuwa a ganinta ta cika sharaɗi, tunda ido ma ai a jikin mutum yake.

Zango ya kusa ƙarewa sai wata safiya 'yarta ta biyo ta da maganin hawan jini da ta manta a gida. Ta tarar da su a fili, ta bi layi don tsokana, har da sa hannu a baya. Ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa.

"Mama, me ake kallo a nan?"

"Wata mana. Ba ki ga ramuka ba?"

"Wane irin ramuka? Wani farin abu ne dishi-dishi kamar an shafa alli a gilashi."

Malama ta ture ta gefe, ta cire tabarau ta duba. Ramuka na nan lafiya lau. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tsaya da tabarau a hannu tana kallonsu. Ita da ba ta gane fuskar mutum daga bakin ƙofa in ba su, ita ce take daidaita wa yara masu lafiyar ido abin da za su gani. Ta juya ga layin.

"Wa ya ga ramuka da idonsa?"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya.

"Ba zan yi faɗa ba. Wa bai gani ba?"

Can wata yarinya mai wushirya, wadda ke zama a bencin ƙarshe, ta ce ƙasa-ƙasa, "Malama, mun zaci haka yake."

Wannan magana ta fi fasa ma'aunin zafi yi mata ciwo. Zango guda tana fito da su rana suna kallon hazo, suna gode mata. Ta ajiye rular a ƙasa, ta kira yarinyar.

"Zo nan. Kawo hannunki. Kama nan, ki murɗa a hankali har sai kin gani."

Yarinyar ta kalli hannunta, ta kalli Malama, ta goge shi a jikin rigarta sau biyu. Da ƙyar ta ɗora yatsu. Malama ta kau da kai, don ba za ta iya kallo ba. Sai yarinyar ta ja numfashi ta ƙwala ihu, ta manta gaban wa take:

"Kai! Wallahi da ramuka! Ga wani babba da ƙaramin a cikinsa!"

Layi ya wargaje nan take. Wani ya yi tuntuɓe da ƙafar madubin, wata ya ɓace, aka sha wahala kafin a sake kamo shi, kuma yaran ne suka kamo. Malama tana tsaye ta riƙe makullin wuyanta gam, bakinta na motsi, amma kalmar nan tata ba ta fito ba.

Ranar da matar shirin ta zo dubawa, madubin ya riga ya yi tabo. Fentin ƙafa ɗaya ya kankare, ɗan ƙarfen murɗawa ya yi baƙi da yatsu. Malama ta kwana biyu tana shirya yadda za ta ba da haƙuri, har ta fara, "Ranki ya daɗe, wannan kankarewar..." Matar ba ta ko saurara ba. Ta kwance daidaiton madubin da gangan, ta juya shi gabas, ta nuna yaro ɗaya a tsakiyar taron ta ce ya nemo mata wata. Ya nemo. Ta nuna wata yarinya, ita ma ta gyara wa idonta. Matar ta shafa tabon da yatsa ta ce a makarantar da ta baro jiya ta samu nasu fes a kwali, kuma yana bayan motarta yanzu haka. Na Malama kuwa aka bar shi a makarantar.

Da aka tashi, 'yar ta leƙo ajin don jin yadda aka ƙare. Ta samu uwar ita kaɗai a gaban kabad a buɗe, ta ɗora ƙwallon taswirar duniya a tebur tana fama da ƙullin zaren da ya shekara ashirin da wani abu. Ƙullin ya ƙi. 'Yar ta ciro almakashi daga jakarta ta miƙa mata. Ledar ta zame, ta bushe har tana kakkaryewa, ƙwallon ya fito shuɗi shar kamar jiya aka yi shi.

"A bencin can na zauna shekara guda ina kallon abin nan," in ji 'yar, tana nuna gefen taga. "Kullum ina so in tambaye ki wani abu, ina tsoro."

"Tambayi."

"Yana juyawa?"

Malama ta cire tabarau ta goge su da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta tura ƙwallon gabanta.

"Taɓa ki gani," in ji ta.