Hatimin Makarantar Kwarin Laraba

Murtala ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Albasa yake saukewa daga manyan motocin da suke zuwa daga arewa, buhu a ka, tun asuba har rana ta take. A Agege yake kwana, ɗaki ɗaya da wasu mutum uku, kusa da layin dogo. Shekarunsa arba'in da 'yan kai, bakwai daga ciki a Legas ya yi su. Ba ya faɗa da kowa, ba ya kuma zaman majalisa. In an tambaye shi yaushe zai leƙa gida, sai ya ce, "Sai an ga hali."

Gidan kuwa babu shi. Kwarin Laraba sunan ƙauyensu. 'Yan bindiga sun shiga sau uku a damina guda, a na ukun suka sa wuta, waɗanda suka tsira suka watse. Matarsa ta rasu a wurin gudun hijira bayan wata biyu. In an matsa masa yakan ba da labarin, da irin muryar da yake cewa mota ta iso.

Abu ɗaya ya fito da shi, shi ma don yana aljihunsa ne ranar. Wani ɗan littafin labari ne marar bango, wanda ya aro a firamare yana aji biyar bai mayar ba, daga baya yake koya wa matarsa karatu da shi. Ya daɗe da haddace labarin. Shafin farko kawai yake buɗewa, inda hatimin makarantar yake da shuɗin tawada. Bai san wani wuri a duniya da aka rubuta sunan ƙauyensu ba sai nan. A daminar bana ruwa ya shiga ɗakinsu har sau biyu, gefen shafin ya jiƙe, tawadar ta soma bajewa. Ya shanya shi a kan kwanon ɗaki, ya duba, harafi biyu sun tafi.

Bayan haka ne matasan unguwa suka shirya bikin littattafai na kwana biyu a harabar wata Islamiyya. Yammacin Lahadi aka ware wa masu karatu: shayi, masa, da musayar littafi. Malama Badiyya, haifaffiyar Agege, ita ke jan zaman. Ta taɓa ganin Murtala riƙe da littafin a bakin masallaci, ta ce lallai ya zo.

"Malam Murtala, ka gane ƙa'idar ko?" ta ce masa a ƙofa. "Ka naɗe naka a takarda, ka ajiye a tebur, ka ɗauki wani. Wanda ka ajiye ya tafi ke nan o."

"Na gane, Malama."

Ya naɗe, ya ajiye cikin sauran. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. Aka miƙa masa shayi ya sha.

Ɗaya bayan ɗaya ake fitowa, kowa ya ɗauki ƙunshi ya kwance a gaban jama'a. Na Murtala ya faɗa hannun Alhaji Nata'ala, dillalin fatu, mutum mai barkwanci. Alhaji ya juya littafin, ya kai shi kusa da ido.

"Jama'a, akwai ɓarawo a cikinmu!" ya ce. "Makarantar Firamare ta Kwarin Laraba. Wane ne ya gudo Legas da kayan makaranta? Ya fito, hedimasta na can yana jiransa da bulala!"

Wuri ya kaure da dariya. Murtala ya ajiye kofi ya miƙe.

"Ni ne, Alhaji. Babu inda zan mayar. An ƙone makarantar, da garin."

Dariyar ta mutu. Alhaji ya tako har gabansa, ya miƙo littafin da hannu biyu.

"Ka yafe mini, ɗan'uwa, bakina ne. Karɓi abinka."

Murtala ya dubi littafin, bai ɗaga hannu ba.

"Alhaji, ɗakinka yana yoyo?"

"A'a. A bene nake."

"Da kabad?"

"Da kabad, har da gilashi."

"To riƙe. Kada dai a bar shafin farkon a rana."

Alhaji ya ce duk Juma'a bayan an sauko ƙofarsa a buɗe take, ya zo ya duba abinsa. Murtala ya ce to, ya koma ya zauna. Da layi ya zo kansa ya ɗauki ƙunshinsa, ya kwance: littafin kiwon kaji ne, da Turanci. Aka tafa masa a hankali.

Kafin magariba ya fito. Ya gwada sa sabon littafin a aljihun da ya saba, bai shiga ba, ya riƙe shi a hannu har ɗaki.

Washegari motoci huɗu suka iso. Wajen hantsi ya zauna a inuwar ɗaya yana hutawa, hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya dawo. Wani sabon ɗan dako ya tambaye shi mutumin ina ne shi.

"Kwarin Laraba," ya ce.

"Ina ke nan?"

Aka kira su sauke kaya, suka tashi.