Wa Ke Ɓare Mini Takarda?

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, aka ce kowane ma'aikaci ya koma jiharsu. Na naɗe tabarmata na ɗauki rishona na dawo, aka jefa ni wani ƙauye a gefen hanyar Jega zuwa Aliero, aka ba ni aji ɗaya. Ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, ba kabad, ba kanta, alli ma a aljihuna yake kwana. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙin hargitsi. Ko takalma na gani ɗaya gabas ɗaya yamma, sai raina ya ɓaci.

Ranar kasuwar Jega na bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya na tattaro gwangwanayen madara masu murfi da kwalayen sukari. Na jera bulo na ɗora katako, kanta ta samu. Na jiƙa ƙaro ya yi kauri, na yayyanka kwali na yi rubutu da manyan baƙaƙe na mammanna: alli a gwangwaninsa, tsumma a kwandonsa, tsintsiya a ƙusarta, har randa sai da na rubuta mata ruwa. Sannan kowane yaro na ba shi gwangwani guda, ciki da 'ya'yan tsamiya na lissafi da guntun fensir, a jiki kuma sunansa na yanka. Dabarata ita ce, yaron da bai san ko baƙi ɗaya ba zai fara da gane sunansa.

A cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar yarinya, 'yar wani manomin albasa. Da ƙyar hedimasta ya shawo kan uban ya kawo ta, kuma ranar da ya kawo ta bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam, gwaji na. Ran da nig ga abin da ban so, ɗauke ɗiyata ni kai." Sunan da ake kiranta da shi a gari na juji ne, ba sunan da za a rubuta wa mutum ba. Na ce na yanka nake so. Ya duba dama ya duba hagu, ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne. Na ɗauka alkunya ce irin ta 'yar fari, na rubuta na wuce.

Yarinyar nan kai gare ta kamar me. Ita ta fara gane gwangwaninta ba a nuna mata ba. Da safe in na kira sunan, sai ta tashi ta ɗauko shi ta riƙe da hannu biyu tana shafa takardar da ɗan yatsa. Na ce a raina, ko don wannan kaɗai dawowata ba ta zama banza ba. Tsorona ɗaya ne, kada wani abu ya taɓa ta uban ya cika maganarsa.

Wata safiya na tarar da gwangwaninta tsirara. Na ce akuya ce, don ƙofar ajin da waya ake ɗaure ta. Na sake mannawa. Bayan 'yan kwanaki aka sake ɓarewa. To akuya dai ba ta zaɓe, gara ma ba ta zaɓe. Duk sauran takardun suna nan daram, nata kaɗai ake bi. Kuma ba yaga ake yi ba, jiƙawa ake yi da ruwa a ɗaye a hankali, ko ɓurɓushi ba a bari. Duk ranar da ta zo ta tarar babu, sai ta zauna shiru ta ƙi taɓa 'ya'yan tsamiyar, yara su yi ta tsokanarta da sunan jujin nan, washegari kuma ba za ta zo ba. Na ce lallai akwai mai son ya kore ta daga makarantar nan, kuma sai na gan shi.

Na fara da yaran. Na jera su na duba farcen kowa ko zan ga ƙaro, ban ga komai ba sai ƙasa. Na koma kan malamin aji biyu, wanda tun ranar da na kafa kantar yake leƙowa yana cewa, "Mai kanti, yau nawa sukari?" Na daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Na koma kan mai gadi, tsoho ne mai yawan gyangyaɗi, amma na ce wa ya sani ko gyangyaɗin na gangan ne. Da na kai ƙara, hedimasta ya kalle ni ya ce, "Malam, zato zunubi." Na ce haka ne, na fita ina cewa a raina, kai ma ban cire ka ba.

Sai na barbaɗa toka a gaban kantar bayan an tashi. Da safe ga sawu: ƙafar babban mutum ce, ba takalmi, 'yar siririya, diddigen duk faso. Daga ranar na zama mai kallon ƙafafun mutane. A masallaci ana sahu ni ina duban diddige, Allah ya yafe. Amma a garin da kowa yake wuni cikin fadama yana ban ruwa, wa ke da diddige mai santsi?

Cikin wannan halin na lura ni ma kallona ake yi. Gaisuwa ta gajarce. In na wuce majalisa sai hira ta tsaya. Akwai tsohuwa mai fura a gindin darbejiyar makaranta, kakar yarinyar ce ta wajen uba, ita ke riƙo hannunta kullum ta kawo ta. A da takan ƙara mini nono ta ce baƙo sai da gata. Yanzu sai ta dama ta miƙo tana kallon wani waje. Ruwa ba ya tsami banza, amma ko kusa ban kawo ta a rai ba. Wadda ke kawo yarinya da hannunta, me zai sa ta kore ta?

Ƙarshen damina masassara ta kwantar da yarinyar. Na haɗu da uban a hanyar gona, na yi masa ya mai jiki. Ya ce da sauƙi, ya ɗan tsaya, ya ce, "Malam, na fa ji abin da ban so." Bai ƙara ba ya wuce. Na tabbata mai ɓare takardar nan ya kusa cin nasara.

Ranar kasuwa na yanka kwali mafi girma, na rubuta sunan, na lafta ƙaro. Da aka tashi na ɗaga murya na ce wa mai gadi Jega na nufa sai yamma. Na hau keke na fita gari, na jingine shi a bayan wasu rumbuna, na zagayo ta cikin dawa na shiga ajin na tsuguna bayan ƙofa. Zafin kwano ya dafa ni, ƙafata ta sage, ina ta tsara baƙar maganar da zan faɗa wa malamin aji biyu. Can na ji ana kwance waya.

Tsohuwa mai fura ce ta shigo da ɗan ƙoƙo na ruwa. Kai tsaye ta nufi gwangwanin, ta tsoma yatsu ta yi ta shafa takardar har ta saki, ta ɗaye, ta ninke, ta ƙulle a haɓar zanenta.

Na miƙe na ce, "Inna, ashe ke ce."

Ko razana ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ta, Malam."

Na ce, "Jikarki fa. Kullum kuka take yi a kan takardar nan. Me ta yi miki?"

Ta ajiye ƙoƙon ta zauna a bencin yara. Ta ce matar ɗanta wabi ta yi ta yi, ta haifa a binne, ta haifa a binne, ba wanda ya kai yaye. Da wannan ta zo, liman ya raɗa mata suna a kunne, aka kai ta juji aka ajiye, ita tsohuwar ta je ta ɗauko kamar abin tsintuwa, don mai ɗaukar 'ya'yan ya zaci ba mai sonta. "Tun ran nan ba mu ƙara kiran sunan ba, ko cikin ɗaki. Kai ko ka zo ka manna shi inda kowa ka gani, kana kira kullum da sahe kamar mai talla. Ga ta can kwance."

Na san ana yi wa ɗan wabi sunan banza, wa bai sani ba? Amma ban taɓa ganin inda aka rufe na yankan ruf haka ba. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Inna, rai a hannun Allah yake. Wannan masassarar sauro ce, rabin ajin sun yi ta."

Ta ce, "Na sani, Malam. Amma kai ba ka wanke ko guda ba. Ni niw wanke su duka."

Ta ce uban ya riga ya yanke, muddin sunan yana waje yarinya ba za ta dawo ba. Ta ce in rubuta wanda ake kiranta da shi mana. Na ce wannan kam hannuna ba zai rubuta shi ba, yarinyar ba juji ba ce. Tana kallona ina kallonta, kowa bai yarda da kowa ba. Sai na ɗauko murfin gwangwanin, na yanka ɗan kwali daidai cikinsa, na rubuta sunan ƙanana na manna a ciki na rufe. A jikin gwangwanin na zana albasa. Na ce da safe kuma jikar Inna zan riƙa kira. Ta daɗe tana juya gwangwanin a hannu, ta ce za ta yi magana da uban, ba ta yi mini alkawari ba.

Na yi kwanaki ina duban hanya. Ranar da suka ɓullo, yarinyar ta rame, tsohuwa na riƙe da hannunta. Ta je kanta ta ga albasa, fuskarta ta canza. Na yi mata alama ta buɗe. Ta buɗe ta leƙa, ta rufe da sauri, ta je ta zauna ta zazzage 'ya'yan tsamiyarta a benci ta fara ƙirga. Daga ranar ba ta ƙara fashi ba har ta gama firamare a hannunmu.

Da aka tashi a ranar, ina share allo, tsohuwar ta shigo. Na ce a raina, to, ta zo ɓare wannan ma. Ta ce, "Malam, buɗe in gani. Kada ka karanta."

Na buɗe na miƙa mata. Ta kai murfin bakin taga, ta ɗora yatsa a kan baƙin farko ta bi har na ƙarshe, ta sake bi.

"Shi na duka wanga?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "Sunan uwata na. Ni nic ce a sa mata shi." Ta ƙara dubawa. "Ashe ɗan gajere na."

Ta mayar da murfin da kanta, ta danna shi da tafin hannu har ya zauna, ta ajiye gwangwanin a inda yake.