Ranar da Hannunta Ya Yi Rawa

A ɗakin gwajin jini na asibitin unguwa ake samunta, a teburin da ke kusa da taga. Shekara goma sha ɗaya tana ɗibar jini, har marasa lafiya suka laƙaba mata Hannun Auduga, don kafin ka ce wayyo ta zare allura ta manna maka auduga. Matsorata sukan bari layi ya wuce su don su faɗa hannunta.

'Ya'yanta uku, autan bai daɗe da yaye ba. Maigidanta direban babbar mota ne, ya yi kwana goma a hanya ya yi biyu a gida. A da mahaifiyarta ce ke riƙe mata gida. In ta dawo daga aiki, tsohuwar kan karɓe jakar hannunta ta ce, "Shiga ki miƙe ƙafa, yaran nan ba guduwa za su yi ba." Bara Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa bayan jinyar kwana tara. Tun daga nan babu wanda ya ƙara cewa ta miƙe ƙafa.

Sai ta kama shan kofi. Kofi ɗaya a tsaye tana neman safar babbar 'yarta, wani da ta isa wurin aiki, wani in ido ya fara yi mata nauyi da hantsi. Wasa-wasa sai da ya kai biyar a yini, baƙi ƙirin, babu madara. Abokiyar aikinta takan tsokane ta, "Ke in aka gwada jininki, kofi za a samu." Ita kuwa sai ta yi dariya ta ƙara ruwan zafi.

Wata Talata da safe aka shigo da wata dattijuwa mai ciwon sukari. Ta ɗaure mata hannu, ta lalubo jijiya, ta kai allura. Ta kuskure. Ta sake, ta sake kuskurewa. Da ta duba, sai ta ga yatsunta suna karkarwa kamar na mai jin sanyi.

Dattijuwar ba ta yi ko tsaki ba. Ta dube ta ta ce, "'Yata, yaushe rabonki da barci?"

"Ina yi, Mama."

"Uhm. Wa ke taya ki a gida?"

Sai ta ajiye allurar ta miƙe. Abokiyar aikinta ce ta ƙarasa ɗibar jinin. Ita kuwa ta shige ɗakin ajiyar kaya, ta zauna tsakanin kwalayen safar hannu, ta yi kukan da ba ta samu sararin yi ba lokacin zaman makoki.

Babbar sista ta same ta a nan. Mace ce mara wasa, amma ranar sai ta jawo kwali ta zauna. Ta ce yawan kofi da rashin barci ne suka jawo mata wannan, amma kada ta yanke kofin rana ɗaya, ta riƙa rage ɗaya duk mako. Ta sha ruwa, ta karya kumallo a zaune ko da ƙwai ne da ayaba. "Kuma ga mabuɗin ɗakin nan. In an tashi hutun rana, ki kwanta minti ashirin. Wanda ya neme ki ya zo wurina."

Makon farko kanta kamar ana sara shi da gatari. Ta yi wa yara faɗan babu gaira babu dalili, har ta ba su haƙuri. A mako na uku ta fara sauka daga bas tasha ɗaya kafin asibiti, ta taka sauran a ƙafa. Da wata ya zagayo ta koma kofi ɗaya da safe, hannunta ya dawo daidai, matsorata suka ci gaba da jiran layinta.

Sai dai gajiyar da ta ragu ta bar mata sarari, kewa ta shigo ta zauna. Sai yanzu take tuna ƙananan abubuwa: yadda tsohuwar ke kiran sunanta daga tsakar gida tana jan ƙarshensa, da tarin nan nata na asuba.

Wata Asabar ta kira ƙanwar mahaifiyarta, wadda ke can wani gari, suka daɗe suna hira. Ba a kan komai ba, ciwon gwiwa ne da tsadar kifi. Muryarsu ɗaya da marigayiyar, har da dariyar.

"Inna, kada ki kashe tukuna," ta ce.

"To, me ya rage ban faɗa miki ba?"

"Ko ma mene ne. Ki dai yi ta magana."

Sai Inna ta sake ɗauko labarin gwiwar tun daga farko.