Irin Albasar da na Rataye a Ɗaki

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi, manomin albasa a wani ƙauye kudu da Malbaza. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, kunya ke riƙe mini hannu.

Baba bai taɓa sayen iri ba. Kowace shekara yakan ware albasa mafi ja da tauri, ya sake dasa ta har ta yi fure, ya karkaɗe irin cikin gora. Haka ya gada. Albasarsa ƙanana ce, amma takan kwana a rudu, rumbun da muke ajiyarta, har tsakiyar damina ba ta ruɓe ba.

Ni kuwa ɗan lakwal, wato ɗan boko, ko shekara bai yi a ƙasa ba na cika garkarsa da irin gwangwani na ƙasashen waje. Albasar ta yi manyan kai, kowa ya zo kallo, na dinga hura hanci. Ashe kallon kitse na yi wa rogo, domin zafi na tsananta take fara ruwa a rudu. Duk da haka na ci gaba, tunda ita masu manyan motoci ke so. Goran Baba kuwa na toshe bakinsa na rataye a ɗaki, ina ganin girmama shi na yi.

Bara wani tsohon abokinsa, Alhaji Mamman, ya zo tun daga Illela neman ko tafi ɗaya na irin, don nasa ya ɓace. Na sauko da goran ina taƙama. Ya murza irin a tafin hannu, ya tambaye ni rabona da shuka shi. Na ce tun rasuwa.

Sai ya ce, "Ɗana, irin albasa ba ya wuce shekara biyu da rai. Cikin ƙasa ake aje shi, ba cikin ɗaki ba."

Na shuka shi duk da haka. Kwana ashirin ina ban ruwa, ko tsiro ɗaya ban gani ba.

Da Baba zai leƙo yau, na san ba zai yi faɗa ba. Zai ɗauki albasata ya matsa ta da babban yatsa, ya ajiye, ya tambayi lafiyar yara. Da ma zagina zai yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya rage nasa suna ne. Har yanzu 'yan kasuwa na cewa a ba su albasar garkar Malam Idi, wadda ba ta ruɓewa. Nakan loda musu buhuna, kuma ban taɓa gyara musu magana ba.

Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.